Yadda Inna Ta Mallake Agogon Malam

Mahaifinmu malami ne a Isa, kuma kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa, har Inna da ta haife mu. A zauren gidanmu yake karantarwa tun kafin a haife ni. Magidanta ne ke zuwa da littattafansu bayan asuba da bayan la'asar, su zauna a tabarma yana ja musu baƙi yana fassarawa. Har ya haura shekara saba'in ban taɓa ganin komai ɗaure a hannunsa ba. In yana son sanin lokaci sai ya leƙa waje ya dubi inuwar katangar maƙwabcinmu, kuma ba ya kuskure.

Ni a Sabon Birni nake aure, ina koyarwa a makarantar firamare. A wani hutun ƙarshen zango na je gida, sai Malam ya yi baƙo. Tsohon ɗalibinsa ne, mutumin Maradi, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zauren nan kafin ya shiga fatauci, har harkarsa ta riƙa kai shi ƙasar Faransa. Alhaji muke ce masa. Ya san ni tun ina rarrafe, don haka Malam ya kira ni in gaishe shi. Ina durƙushe ya gama jera tsarabarsa, dabino da sukari da turmin shadda, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan akwati ja.

"Wanga kado na, in ji mutanenmu, wato kyauta," ya ce, ya miƙa da hannu biyu.

Malam ya buɗe. Agogon hannu ne mai kusurwa huɗu, fuskarsa fara tas, 'yan hannayensa shuɗaye. Sarƙarsa ta ƙarfe ce, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da 'yan kusoshi biyu. A gefensa, kan abin murzawa, akwai ɗan dutse shuɗi wanda bai wuce ƙwayar dawa ba. Alhaji ya ce aikin wani tsohon gidan maƙeran kayan ado ne, waɗanda tun kakanninsu suke ƙera wa manyan Turai sarƙoƙi da zobba.

Malam bai taɓa shi ba. Ya dai dube shi ta saman tabarau ya ce, "Zinari na?"

"A'a, Allah shi gafarta Malam, ƙarhe na. Hukuncin zinari ga namiji ai a zauren nan na karanta shi."

Malam ya yi godiya, ya yi addu'a mai tsawo, ya rufe akwatin. Bayan baƙo ya tafi ya ce mini, "Mutum irina mi za shi yi da ado? Yaron ga ya wahal da kainai." Yaron da ake magana furfura ta cika gemunsa. Ya sa abin a ƙasan akwatin littattafansa, ya ɗora manyan littattafai a kai.

Washegari da hantsi na kai masa kunu, na tarar da manyan littattafan nan a kan tabarma, Malam ya kara agogo a kunne ya lumshe ido. Da ya ji sallamata ya yi gyaran murya.

"Dubawa nike ko da wani aibi, in gaya mashi tun bai yi nisa ba."

Na ce haka ya kamata.

Sai ya matso da shi kusa da ni ya tambaye ni rubutun wace al'umma ce a fuskar, don shi bai ga lamba ko ɗaya ba, sai sanduna da gicciye. Na ce lambobin Rumawa ne, muna koya wa 'yan aji huɗu. Ranar ce ta farko a rayuwata da na zauna na karantar da Malam wani abu, kuma na ja karatun iya yadda zai jawu. Muna cikin bi ɗaya bayan ɗaya na tsaya a kan huɗu. Maimakon sanda ɗaya a gaban alamar biyar, yadda nake rubutawa a allo, sanduna huɗu aka jera.

"Malam, sun yi kuskure a nan. Da ɗalibina ne ya rubuta haka da na soke shi. Anya ba jabu aka sayar wa Alhaji ba?"

Ya karɓe agogon daga hannuna. "Mutanen da ke ƙira tun kakanninsu, ke 'yar firamare kin hi su sani? Tashi ki ba ni wuri."

Ran Juma'a ya ɗaura shi. A hannun dama ya sa, ya ce dama ta fi cancanta da duk wani abu mai kyau. Na laɓe a bakin zaure ina kallonsa ya fita cikin babbar riga fara. Malam mutum ne da ke gaisuwa a taƙaice, amma ran nan ya tsaya wurin maƙwabcinmu ya riƙe hannunsa ya tambaye shi gida da gona da awaki, kuma kafin ya sha kwana na ƙirga sau uku yana gyara hannun rigar dama a kafaɗa. Na hagu ya bar shi yana jan ƙasa. Da ya dawo ya goge agogon da bakin rawani, ya mayar da shi akwati.

Wata Juma'ar ta zagayo. Ina tsakar gida ina tsince wa Inna shinkafa, Malam ya shigo da akwatin a buɗe, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa mummunan labari.

"Ya mutu," ya ce.

Inna ta saki ludayi. "Inna lillahi. Wa?"

"Agogo."

Ta dube shi ta ɗauki ludayinta. "Allah shi jiƙanshi," ta ce, ta ci gaba da damu.

Hannayen sun tsaya cak. Na ce ƙila batir ne, ko kuma maganata ta jabu ce ta tabbata. Malam ya ce ko kusa ba za a gaya wa Alhaji ba, kunya ce a ce wa mutum kyautarsa ta lalace cikin mako biyu. Na ce akwai wani tsoho mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Birni, tunda hutu ya ƙare za ni tafi da shi ya duba.

Hanyarmu a shekarun nan ba hanya ce da ake nuna abin hannu ba. Inna ta ce a tura shi cikin ƙullin daddawa, ba mai buɗewa. Malam ya ce ba a gidansa ba. A ƙarshe ta naɗe shi a tsumma, ta sa a leda, ta binne a tsakiyar geron da ta auna mini. Na rungume jakar geron a mota tun daga Isa, ramuka suna ɗaga mu suna dire mu. Da na isa gida na tono shi, sai na ga hannun daƙiƙa yana tafiya abinsa. Na kira Malam a waya na ce agogo ya farfaɗo. Ya ce dama ya yi addu'a. Na ajiye shi a durowa, bayan kwana biyu ya sake tsayawa, ban kira kowa ba, na tafi kasuwa.

Tsohon yana zaune a inda na san shi tun zuwana garin, da akwatinsa na gilashi, sai dai yanzu batiran tocila da tabaran karatu sun fi agogo yawa a ciki. Na gaishe shi, na waiga dama da hagu, na warware tsumman. Ya miƙo hannu, sai ya janye. Ya ɗauki buta ya wanke hannuwansa, ya goge a rigarsa, sannan ya karɓa. Ya sa ɗan gilashin nan nasu a ido ɗaya, ya daɗe yana juya shi. Can ya riƙe shi a tafin hannu ya kaɗa a hankali, kamar mai rarrashin jariri, ya kara mini a kunne. Yana bugawa.

"Malama, wanga ba shi da batir. Motsin hannu shike ci. In an aje shi kwana biyu ba motsi sai shi yi kwana, in an motsa shi shi tashi. Lahiyatai lau."

"Baba, ba za ka buɗe ka duba ba?"

"Ba ni da kayan buɗa shi. Kuma ko ina da su ba ni buɗawa."

Na nuna masa huɗun da aka rubuta da sanduna huɗu. Ya yi dariya ya ce haka masu manyan agogo da yawa ke rubuta huɗunsu tun da can, ba kuskure ba ne. Ya ce shi ba da rubutu yake gane na gaske ba, da nauyi ne da sauti, kuma wannan na gaske ne. Ya ƙara da cewa ana iya tayar da shi ta wurin murza ɗan dutsen, amma a hankali.

Na fara naɗe tsumma, sai ya ce, cikin ƙasa da murya, "Ɗiyata, ko kin bari in ɗaura shi kaɗan? Tun ina saurayi na ga hotonshi ga wani kalanda a Maradi. Ban aza za ni riƙa shi da hannuna ba."

Ya ɗaura. Bai nuna wa maƙwabtansa ba, bai tashi ba. Ya ɗora hannun a gwiwa yana kallo har hannun daƙiƙa ya zagaya sau biyu, sannan ya kwance ya miƙo mini.

Sai ƙarshen mako zan iya komawa Isa, kuma an ce abin motsi yake so. Don haka, saboda lafiyarsa kawai, na riƙa ɗaura shi ƙarƙashin hijabi ina zuwa makaranta. A nan na gane abin da ya kama Malam. Da safe in ka sa shi sanyin ƙarfen zai ratsa ka, kafin ka kai ƙofa ya ɗauki ɗumin jikinka. Maƙullinsa yana rufuwa da wani ɗan sauti mai tsabta wanda na riƙa buɗewa ina rufewa don in sake ji. Hannun daƙiƙarsa ba ya tsalle irin na agogon bango, sulalewa yake yi. Ba wanda ya gan shi, amma tafiyata ta sake. Na duba lokaci a ofis har hedimasta ya tambaye ni ko ina da alkawari da wani. Maigidana ya ce tun da abin nan ya shigo gidansa abinci ke zuwa a kan kari, amma mai kawo abincin hannunta take kallo. Wata rana na nemi irinsa a waya don in ga farashi. Na gani, na kife wayar, kuma ban faɗa wa kowa ba har yau.

Da na mayar da shi na yi wa Malam bayani. Ya ji daɗin cewa na gaske ne, ya sa na maimaita maganar huɗun sau biyu a gaban Inna. Amma sai ga matsala. Ya ce ba zai taɓa ɗan dutsen ba, yatsunsa sun yi kauri, in ya ɓalle ina za a samo wani. Ba kuma zai ɗaura shi kullum ba, kada masu ɗaukar karatu su ce Malam ya shiga duniya da tsufa. Ya gwada zama bayan azahar yana lazimi da hannu ɗaya yana kaɗa agogo da ɗayan. Na leƙa na tarar da gyangyaɗi ya kwashe shi, hannuwansa biyu duk sun tsaya.

Inna ce ta raba gardama. "Kawo shi nan, Malam. Tun da anka kawo ni gidan ga hannuna bai zauna ba. In motsi shike so, ya samu."

Malam ya yarda, amma ya kafa sharuɗɗa. Ran Alhamis kawai. Ban da daka, ban da wanke-wanke, ban da kusa da murhu. Ta amsa duka. Inna siririya ce, agogon ya riƙa zamewa har gwiwar hannunta, sai ta ɗaure shi da ƙyalle. Haka ta yi shara da tankaɗe da damun fura, ran Juma'a ta miƙa wa Malam shi yana bugawa da ƙarfinsa.

Sauran labarin a ziyarar ƙarshen mako na riƙa tarar da shi. Alhamis ta koma Laraba, wai kada ya yi rauni. Laraba ta koma Asabar, wai da zarar Malam ya dawo masallaci gara a karɓa tun bai huce ba. Ta sa na koya mata lambobin, kuma gaskiya ta riga Malam kamawa. Daga nan ta fara kiran lokaci daga tsakar gida.

"Malam, la'asar ta yi."

"Inuwa ba ta kai ba."

"To inuwa ta makara."

Matan unguwa suka riƙa shigowa aron rariya da ba su da buƙatarta. Inna ba ta nuna musu komai, sai dai duk wadda ta yi sallama za ta gaya mata ƙarfe nawa ta shigo, in za ta fita ta gaya mata minti nawa ta yi.

Wata Lahadi ina shirin komawa ta ja ni ɗaki ta damƙa mini agogon a tsumma. "Ki kai ma tsohon nan shi rage mini sarƙar ga. Ƙyallen ya ishe ni."

"Inna, Malam ya sani?"

"Ya san shina zamewa."

Na san wannan ba amsa ba ce, amma na karɓa. Tsohon ya wanke hannu kamar wancan karon, ya sa gilashinsa, sai na ga ya ɓata fuska. Ya ɗauki tsinke ya ciro wani abu fari daga tsakanin gaɓoɓin, ya shinshina.

"Hura ta," ya ce. "Malama, wa ke sa agogon ga?"

Na gaya masa. Ya ajiye tsinken ya yi dariya har da tari. Ya share shi tsaf da ɗan buroshi, ya auna da zaren da Inna ta ƙulla mini daidai wuyan hannunta, ya cire gaɓa uku ya naɗe mini su a takarda. Ya ce in gaida mai damu, in ce mata ta riƙa juya ludayi da ɗayan hannun.

Na yi dabara na kasance a Isa ran Juma'ar da ta biyo baya, don ina son in gani da idona. Malam ya yi wanka ya sa riga ya naɗa rawani, ya miƙa hannu. Inna ta kwance ta ba shi. Ya zura, maƙulli ya ƙi haɗuwa. Ya ja, ya matse, ya juya hannun ya sake gwadawa.

"Hannuna ya kumbura ne?"

"Ƙiba ka yi, Malam," in ji Inna. "Hurar ga ta karɓe ka."

Ya zauna a bakin gado ya sa tabarau. Ashe ya san adadin gaɓoɓin. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshe, ya sake farawa. Sannan ya ɗago kai, ba Inna ya duba ba, ni ya duba. Na ciro takardar daga jakata na ajiye a gabansa na ba da haƙuri.

"An yi shawara ba da ni ba," ya ce. Ya ajiye agogon a kan gado ya tafi masallaci, hannayen rigarsa duka biyu a sake.

Ya yi kwanaki yana fushi irin nasa, wato ya ci abinci ya yi godiya a taƙaice, in Inna ta kira lokaci ya yi kamar bai ji ba. Na ce za ni koma da shi a mayar da gaɓoɓin, ya ce a bar shi. Ana cikin haka Alhaji ya kira ya ce ya shigo ƙasar, zai biyo ya gaida Malam ran Asabar. Malam ya rasa inda zai sa kansa. Na kawo shawara ya riƙe agogon a hannu kamar yanzu ya cire don alwala. Ya ce da tsufansa ba zai yi wa ɗalibinsa wasan kwaikwayo ba.

Da Alhaji ya zo, bayan gaisuwa, idonsa ya kai wuyan hannun Malam, ya kawar da kai don ladabi. Malam ya gyara zama ya ba shi labarin tun daga Juma'ar da agogo ya mutu har zuwa gaɓa uku, bai rage komai ba, har da furar. Alhaji ya yi ƙoƙarin riƙe dariya a gaban malaminsa, ya kasa, ya sa hula a fuska kafaɗunsa suna rawa. Da ya natsu ya nemi izinin gaida Inna. Ta zo bakin ƙofar zaure ta zauna daga ciki, lulluɓe da mayafi, amma hannun agogon yana waje.

"Inna, agogo na aiki?"

"Shina aiki, ɗana. Sai dai yakan yi gaggawa kaɗan, ina lura da shi."

Alhaji ya ce a can ƙasar mata ma suna sa irinsa, amma akwai ƙarami na mata mai kyau ƙwarai. In Allah ya sa ya koma zai kawo mata, sai a mayar wa Malam nasa.

"Ka kawo ma Malam ƙaramin," ta ce. "Shi Juma'a kawai shike sawa."

Malam ya yi ta kallon tabarma. Na ga gefen gemunsa yana motsi, na san dariya ce yake dannewa. Ya ce wa Alhaji kada ya kawo komai. Sannan ya ɗaga murya irin ta karatu ya ce kyauta aka yi masa, ta zama mallakinsa, shi kuma ya ba maiɗakinsa, mu biyu mu shaida. Inna ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki, da muryar wadda yanzu-yanzu aka miƙa mata abu ba ta zata ba.

Yana hannunta har yanzu. Idonta ya ɗan yi rauni, sai ta kai shi nesa ta ƙanƙance ido kafin ta faɗi lokaci, wani sa'in ta ƙara awa ɗaya ko ta rage, ba mai gyara mata. Zangon da ya wuce makarantarmu ta shirya bikin ba da kyaututtuka, ni aka sa in yi jawabin maraba. Na je Isa takanas na zauna kusa da ita, na taya ta tsinkar zogale, na yabi miyarta, sannan na roƙi aron agogon na yini ɗaya. Ta dubi hannuna ta ce ba zai shige ni ba. Na ce na gwada, yana shiga. Ta ce to in bari ta yi tunani. An yi biki an watse tun watanni biyu, jiya da muka yi waya ta ce mini ba ta gama tunanin ba.